Shekarar da Aka Ce Na Yarda

Da sunan Allah nake buɗe wannan babin, kuma Shi nake kafawa shaida, domin waɗanda suka san gaskiyar maganar nan wasu sun mutu, wasu kuma suna da rai amma bakinsu ya yi nauyi. Zulai ce take rubutawa, autata, ni ko alif ban sani ba a takarda. Na ce mata kada ta gyara mini magana. In na yi kuka ta jira ni, in na yi zafi ta rubuta da zafinsa. Ke Ummi, ke da ƙaninki nake yi wa wannan, don ku ne aka shayar da maganar da ba haka take ba tun kuna ƙanana, kuma ba laifinku ba ne.

Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce kin zo gaishe ni, na ce ki rage bin ƙawaye cikin gari a adaidaita. Kika ɗago kai kika dube ni ido cikin ido kika ce:

"Ke da kika yarda Babanmu ya tafi ya faɗa teku, ni ce za ki hana shiga cikin Dutse?"

Na tashi na bar miki wurin. Na ga kin ɗauka gaskiya ce ta rufe mini baki. Ba ita ba ce. Na shiga ɗaki na kwanta, tuwon Sallar nan ban ci shi ba, na yi kukan da rabona da irinsa tun ranar da aka kawo mana labarin ubanku. Ba da ke na yi fushi ba. Na yi fushi da wanda ya sa miki maganar a baki tun daga tushe, yana nan da ransa, yana zaune a kan darduma a ƙofar gidansa ana durƙusa masa. To, ga amsarki, ki karanta ta har ƙarshe.

Ubanku ɗan farina ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, sai na faɗa miki. A yadda muka taso a ƙauyenmu na bayan duwatsu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun yana jariri a ɗakin kakarsa yake wuni, nono kawai ake kawo shi ya sha, shi ma sai na juya baya. In ya faɗi ya fasa gwiwa a gaban surukaina, sai in kau da kai in ci gaba da daka. Ban taɓa kiran sunansa ba. Da ya girma ya zama kullum yana kan bishiyar dabino, sai na sa masa Na-Sama. In tuwo ya sauka sai in ce da iska, "A ce wa Na-Sama tuwo zai huce," ko da kuwa ba kowa a gidan sai ni da shi da kaji. Shi ma sai ya ce da kajin, "A ce ana zuwa." Haka muka yi zamanmu, kuma ban san uwa da ɗan da suka fi mu jin maganar juna ba.

Ki riƙe wannan da kyau, don a nan maganar take. In maza suka tambayi uwa wani abu game da ɗan farinta, amsa ɗaya gare ta: "Ni ina ruwana? Ɗanku ne." Kowace uwa haka take cewa, kuma duk wanda aka haifa a wajenmu ya san wannan ba amsa ba ce, kunya ce. Abin da ake yi bayan nan shi ne a tura mace ta bi ta cikin ɗaki, a zauna a bakin gado, a yi magana ƙasa-ƙasa, sannan a ji abin da ke cikin uwar. Lokacin auren ubanku da Binta, mahaifiyarku, haka aka yi. Alhaji Sale, ƙanin kakanku, ya tsaya a tsakar gida ya tambaye ni, na ce ɗansu ne. Ya yi dariya ya ce, "Mun ji, Yaya," ya je da ƙafarsa ya kirawo Goggo Asabe, yayarsu, ta zo ta same ni a ɗaki. A wurinta na ce yarinyar ta kwanta mini, a je a nema. Shi ne ya kirawo ta. Zulai, ki ja layi a ƙarƙashin wannan in ana ja.

Malam, kakanku, ya bar mana lambun dabino da ya gada wurin ubansa, ya kuma ƙara da nasa dashen. Dabino ba ya haihuwa mai kyau sai an taimake shi. In lokacin fure ya yi, sai mutum ya hau namijin bishiya ya yanko furensa, ya sauko, ya hau macen, ya sa furen a cikin nata ya ɗaure da ganye. Bishiya bayan bishiya, ga ƙaya kamar allura, ga tsawo. A duk yankinmu ba wanda ya kai ubanku iya wannan aikin. Igiya ɗaya a ƙugu, ƙafa ba takalmi, kafin ka ɗaga kai ya kai. Hannuwansa duk tabo ne. Har daga wajen Kiyawa ake zuwa ɗaukarsa a babur ya yi wa mutane nasu, kuma in an kai dabinonmu kasuwar Shuwarin ba ya kai azahar a tire. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba mu kuma taɓa roƙo ba.

Malam ya rasu da kaka, ana cikin yankan dawa, na shiga takaba. Ba na fita ko zaure, ba na ɗaga murya, ina ɗaki da carbi da baƙin cikina. A cikin wannan zaman ne Alhaji Sale ya kawo wani mutum gidanmu, mai farar shadda da wayoyi biyu, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai muryarsa ta taga. Wai a ƙasar Sifaniya akwai lambunan dabino da ido ba ya ganin ƙarshensu, tsofaffin da suke hawa sun ƙare, yaransu kuma ba sa so. Wai mutum irin ubanku in ya je, rububinsa za a yi. Ba jirgin sama ba, ta ƙasa za a bi, ta Agadas, a ratsa har bakin ruwa, sannan ɗan tsallake kaɗan. Haka ya ce, ɗan tsallake kaɗan, kamar mai maganar kwalbati. Kuɗin hanya kuwa Alhaji Sale zai bayar, a jinginar masa da rabon ubanku na lambun har ya dawo.

Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga ran ubanku. Namiji ne mai ƙarfi, ga ku biyu ƙanana, ga ciwon Malam ya cinye ɗan abin da aka tara. Amma a gaban kowa ya faɗa, ina jin sa:

"Baffa, ni fa ko ƙofar gari ba zan taka ba sai Inna ta yarda."

Sai ya kama koyon yarensu a waya. Wani abu yake sa wa a kunne, yana kan bishiya yana ta surutu shi kaɗai, har maƙwabta suka fara tambaya ko rasuwar Malam ce ta taɓa shi. Ƙidaya, gaisuwa, sunan abinci, duk ina jin su suna wucewa. Amma akwai kalma ɗaya da ba a lambu yake koyonta ba. In an yi la'asar sai ya kawo tabarma ya shimfiɗa daidai tagar ɗakina, duk faɗin gidan nan, ya ce wai Binta ta zo ta riƙe masa waya ta ga ko ya yi daidai. Sai ya ɗaga murya yadda ko kurma zai ji, yana faɗa yana fassarawa. Har yau tana kunnena, ni da ban san boko ba.

"Akwerdo, na yarda. Akwerdas, kin yarda. Akwerda, ta yarda. Akordamos, mun yarda."

Binta ta ce, "Jiya ma fa ita ka yi. Yaren nan ba shi da wata kalma ne?"

Ya ce, "Ke dai riƙe waya. Wannan rassa gare ta kamar tsamiya, kowane lokaci da nasa. Akordara, za ta yarda nan gaba. Akordariya, da za ta yarda in da hali. Akwai ma ta roƙo, ohala ke akwerde, Allah Ya sa ta yarda."

Ya maimaita ta roƙon nan har Binta ta ce kanta ya fara ciwo. Na san da ni yake. Bai iya shigowa ya durƙusa ya ce Inna ki bar ni in tafi ba, kamar yadda ni ma ban iya kiransa in ce zauna ba. Wannan ita ce tambayarsa. Ni kuma na ba shi amsa ta hanyar da muka saba. Kina zaune a bakin ƙofata a lokacin, Ummi, kina wasan ƙasa, sai na ce da ke:

"Ke 'yar nan, tambayo mini mai yaren can. Su mutanen ƙasar ba su da ban yarda ba ne? Ko kowa a can na'am yake cewa kamar tunkiya?"

Sai na ji ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"A ce wa mai tambaya akwai. Ita ce ma ta fi sauƙi. No kawai ake sawa a gaba."

"To a sa."

Ya naɗe tabarmarsa. Daga ranar bai ƙara kawo ta bakin tagata ba, na kuma ji ya ce da Binta maganar tafiya ta mutu. Na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Ba a daɗe ba, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Sale ya shigo da mutum biyu daga cikin dattawan unguwa. Suka tsaya a tsakar gida, ni ina bayan labule. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, sai ya gyara murya.

"Yaya, maganar tafiyar yaron nan ce. Mun duba mun ga alheri ce. Me kika ce?"

A gaban maza uku, ina cikin takaba, a kan ɗan farina. Me zan ce? Na faɗi abin da uwata ta faɗa a kan yayana, abin da kakata ta faɗa, abin da matar Alhaji Sale da kanta take faɗa a kan nata ɗan farin.

"Ni ina ruwana, Alhaji? Ɗanku ne."

"Madalla," in ji shi. "Kun dai ji."

Suka fita. Ko a jikina, don na san abin da ke biye. Na sa Zulai ta share ɗaki, na ajiye goro a ƙarƙashin matashi saboda Goggo Asabe, don ba ta zama ba goro. Gidanta ba nisa, in ta yi tari muna ji. Na shirya maganata tsaf: a gaya musu ban yarda ba, ban yarda a jinginar da ko reshe ɗaya ba, wanda yake son tsallake ruwa ya tura nasa ɗan. Na jira ranar, ba ta zo ba. Na jira washegari. Na ce ko ƙafarta ce ta tashi, don tana fama da ita. Goron nan har ya bushe a ƙarƙashin matashi.

Abin da ban sani ba, daga tsakar gidana lambu Alhaji Sale ya wuce. Ya sami ubanku a kan bishiya ya ce ya sauko, ya ce masa uwarka ta yarda, ga shaidu biyu, ta ce kai namu ne mu yi yadda muka ga dama. Ubanku ya ce a'a, shi ba haka ya ji daga gare ni ba. Sai ya ce masa wancan zafin rasuwa ne, yanzu ta huce ta yi tunani. Ya kuma ce masa kada ya kuskura ya tayar mini da maganar, mai takaba ba a sa ta kuka, in ya zo tafiya ya yi godiya kawai ya wuce. Ya ja wa Binta kunne ita ma. Wannan duk daga bakin ɗaya daga cikin dattawan nan na ji shi daga baya, lokacin da ciwon ajali ya kama shi ya aiko a nemi gafarata.

Na lura Binta ta daina yi mini hira, tana ajiye mini kwano ta juya. Na ce ko wani cikin ne. Ashe haushina take ji, tana ganin na sallama mata miji.

Ranar da zai tafi, da safe bayan rana ta fito, ya zo bakin ƙofata ya durƙusa kamar kullum. Sai dai ya daɗe bai tashi ba. Ta ƙasan labule ina ganin ƙafafunsa, na ga ya sa takalmi, na ce a raina yau kuma ina za a je ɗaurin aure.

"A ce wa Inna na gode," ya ce. "Na gode ƙwarai."

A daren da ya gabata na sa an dama masa fura da nonon da Fulani suka kawo mini na gaisuwa. Na ɗauka ita yake wa godiya. Har na ji dariya, ƙaton mutum yana rawar murya a kan fura. Na ce abin da nake cewa kowace safiya ta Allah:

"Allah Ya yi albarka."

Ya tashi ya tafi. Wannan ce albarkar da ake cewa na sa wa tafiyarsa. Albarkar fura ce.

Sai da azahar ta yi na ce a ce wa Na-Sama abinci zai huce, Binta ta fito daga ɗaki idonta jawur ta ce, "Wane Na-Sama kuma, Inna? Wanda kika sallama? Ai yanzu sun wuce Kano." Zulai tana nan, ta ce faɗuwa na yi. Ni dai na san na ga ƙasa ta taso. Da na farfaɗo na aika a kirawo Goggo Asabe, ta zo tana jan ƙafa, na ce mata me ya hana ki zuwa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Zuwa ina? Ni ba wanda ya aike ni. Sale cewa ya yi kun gama magana."

Na so in fita a ranar, ba mayafi ma, in je in same shi. Goggo ta riƙe ni ta ce in ji tsoron Allah, takabar Malam ce a kaina. Na zauna. Ranar da na fita takaba, mata suna shirin rakiyata gaishe-gaishe, ni kuwa gidan Alhaji Sale na nufa. Mutumin nan tun ina amarya nake tsokanarsa, ina ɓoye masa hula, ina ce masa mijin rani, shi kuma yana sace mini ƙuli a tukunya. Ni na yi masa wankin kaya har ya yi aure. Na same shi a zaure da mutane, ban jira sun tashi ba.

"Alhaji, ina Goggo Asabe?"

"Tana gidanta mana, Yaya. Sannu da fita. Allah Ya jiƙan..."

"Ranar auren yaron nan wa ya kirawo ta?"

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Na ce wa ya kirawo ta? Ƙafarka ce ta je ko ta wani? To ranar Juma'ar nan ƙafar karyewa ta yi?"

"Yaya, ke da bakinki kika ce ɗanmu ne. Ga shaidu."

"Matarka ma haka take cewa a kan Babangida. In tura shi teku gobe in ce ta yarda?"

Sai ya ce wai shi shari'a ya sani, ba al'adar mata ba, magana kuma in ta fita ta fita. Kin ji mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin al'adar nan, ranar da ta tsaya tsakaninsa da lambu sai ta zama ta mata. Na ce masa Allah Ya isa, a gaban mutanensa. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan kalmar ba kafin nan, ban kuma janye ta ba har yau.

A lokacin ubanku ya riga ya yi nisa. A watannin da suka biyo baya ya ratsa hamada, ya yi aikin gini a Aljeriya, ya shiga Maroko. Yakan kira wayar Zulai jefi-jefi in ya samu aro. Na ce ta gaya masa duk yadda aka yi, ta gaya masa ban yarda ba, ya dawo. Ta gaya masa. Sai ya ce Baffa ya riga ya gaya masa za a yi haka, wai mata ne suke zuga ni. Ya ce ga jingina a wuyansa, ga wahalar da ya sha, da wane ido zai dawo hannu Rabbana. Amma ya ce:

"In Inna ce da gaske, ta karɓi waya ta faɗa mini da bakinta. Ba ta kaji ba, ba ta Ummi ba. Ta kira ni ta ce in dawo. Wallahi ko da ƙafa ne zan taho."

Ya ce zai nemi waya ranar Litinin ya kira. Ni da ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba tun da na haife shi, na kwana biyu ina gwadawa a ɗaki ni kaɗai. Ina buɗe baki sai sunan ya ƙi fita. Amma na shirya. Na ce kunya ta ci kanta. Ranar Litinin tun da hantsi na yi wanka na zauna a kan tabarma daidai inda yake zama a bakin tagata, Zulai ta ɗora mini wayar a cinya, ta nuna mini wurin da zan danna. Ko ruwa ban sha sosai ba don kada in tashi zagayawa ta yi ƙara. Na yi azahar da ita a gefen darduma. Na yi la'asar. Sau ɗaya ta yi ƙara, na danna, ashe masu tallan waƙa ne na kamfani. Har aka kira magariba.

Daga baya wani yaron Gumel da suke tare ya dawo, ya nemo gidanmu. Ya ce masu kwalekwalen ne suka zo musu ba shiri tun ranar Lahadi, suka ce ruwa ya kwanta, wanda bai shiga ba kuɗinsa ya tafi. Shi zazzaɓi ne ya hana shi. Ya ce ubanku ya yi ta neman wanda zai ara masa waya bai samu ba. Kwalekwalen bai kai ba. Ba gawa, ba kabari, ba inda zan je in tsaya in ce nan ne. Malam ko ba komai na san inda yake kwance.

Jira ni, Zulai.

To. A zaman makoki, ina zaune ina jin mata suna raɗa a bayana, wai da yardarta ya tafi, har albarka ta sa masa. Da na ce ban yarda ba, sai Alhaji Sale ya ce a yi mini uzuri, tsohuwa ce ta ga abu ya ɓaci tana neman janye maganarta. Maza uku da shaida, ni kuma mace ɗaya da tsohuwa mai ciwon ƙafa. Goggo Asabe ta yi ta faɗa har ta mutu, ba wanda ya saurare ta. Mahaifiyarku ba na riƙe ta a zuci. A cikin gari ta taso, 'yar ma'aikaci ce, ba ta san wannan kunyar tamu ba. Ta ji ɗanku ne da kunnenta, ta ji Allah Ya yi albarka da kunnenta, me za ta ɗauka? Da ta gama idda ta yi aure a Ringim ta tafi da ku, abin da ta sani shi ta gaya muku. Lambun kuwa yana hannun wanda aka jinginar wa. Yanzu haya yake ɗaukowa a hau masa, rabin bishiyoyin ba sa yin abin kirki, don masu hawan ba su san lokacin fure ba. In na bi ta wajen ba na ɗaga kai.

Ba lambu nake nema ba, wannan maganarku ce ke da ƙaninki in kun girma, ku je ku karɓi haƙƙinku. Abin da nake nema shi ne a cire mini wannan kalmar daga wuya kafin a sa ni a rami. Shekarun nan duka ina kwana ina tashi da muryarsa a bakin taga, ta yarda, za ta yarda, Allah Ya sa ta yarda. Ya roƙe ni da yaren mutanen da bai taɓa gani ba, na ce a'a, ya ji, ya naɗe tabarmarsa. Yaron kirki ne, bai saɓa mini ba. Ya mutu yana zaton ko dai na yarda ko kuma ban damu in kira shi ba, wannan ne yake hana ni barci, ba tsufa ba.

Saboda haka ga abin da nake so. Babbar Sallah mai zuwa, in Allah Ya kai mu, in an taru a gidan Alhaji Sale cin nama kamar yadda aka saba, ke Ummi za ki tashi ki karanta wannan babin da ƙarfi, tun daga bismilla. Yana da rai, ina da rai. In akwai ƙarya a ciki ya tashi ya nuna ta a gabana. Ni ma zan zo, kuma ba bayan labule zan zauna ba.

Saura abu ɗaya. Maganar da na shirya ranar Litinin ɗin nan tana nan inda na ajiye ta, ba ta taɓa fita ba. Zulai, daina kukan nan ki ɗauki biro, ba ki taɓa ji ba, yau za ki ji. Ki rubuta ta yadda ta fito, kada ki sa Na-Sama, kada ki sa ubanku.

Isiyaku. Isiyaku, ni ce Inna. Ban yarda ba. Ka dawo gida.